Godiya ga masu rainon dashen itatuwa da ke kusa da Gidan Zoo na Kano

Assalamu alaikum.

Wannan takarda ta godiya ce gare ku, musamman dattijon da ke kula da ɓangaren itatuwan marmari, wanda ma'aikatanku ke kira Baba. Na rubuta ta a bainar jama'a ne domin irin abin da ya yi mana ya yi ƙaranci a wannan sana'a.

Duk wanda ya kai iyali Gidan Zoo ya san cewa idan yara sun gama kallon zaki da kura da jimina, abin da ke zaunar da manya shi ne inuwa. Wurin yana nan tun zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, itatuwansa sun yi rassa sun rufe sama. Mutum ya fito daga can ya tuna tsakar gidansa, siminti daga wannan bango zuwa wancan, dole sha'awar dashe ta kama shi. Da wannan ɗoki muka shigo wurinku, da niyyar kwasar mangwaro da darbejiya.

Baba bai yi gaggawar karɓar kuɗi ba. Tambayoyi ya fara yi: nawa ne faɗin filin, ina sokawe yake, ina bututun ruwa ya bi, akwai awaki a gidan? Da ya ji amsa sai ya hana mu darbejiya ƙememe, alhali ga ta jere a gabansa tana jiran mai saye. Ya ce saiwarta na bin danshi, ta shiga sokawe, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga. Wurinta ƙofar gida ne ko fili mai yalwa. Mangwaro ma ya ce guda ɗaya ya isa, kuma kada ya kusanci gini da ƙasa da mita 5. Sauran wurin ya ba gwaiba, lemon tsami, gwanda da zogale, waɗanda kuɗinsu bai kai na abin da muka zo saye ba.

Ga yadda ya koyar da dashen, kuma daidai ne ga duk wanda ya san aikin. A haƙa rami ƙafa 2 a faɗi, ƙafa 2 a zurfi. Ƙasar sama a ware ta gefe guda, ita za a gauraya da taki, kashi 2 na ƙasa, kashi 1 na taki. Takin sai wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi, taki mai kara da ciyawa kuma gara yake kirawowa, ita ce ke cinye yawancin dashen da mutane ke cewa "ya mutu haka kawai". A mayar da haɗin cikin rami, a jiƙa shi, a bar shi mako 2 ya zauna. Ranar dashe a bari sai yamma, a yanka ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba. Akwai masu binne dashe da ledarsa, saiwar ta yi ta naɗewa a ciki, itace ya shekara bai ƙara tsawo ba.

Inda ya fi tsayawa shi ne wurin aure, wato inda aka haɗa reshen mangwaro mai kyau a jikin wani dashen. Ya nuna tabon a jikin mangwaron, ya ce kada ƙasa ta rufe shi, a bar shi sama da ƙasa kamar tafin hannu. Duk tohon da ya fito daga ƙasan tabon a cire shi, don na dashen da aka yi auren a kansa ne, idan aka bar shi zai rinjayi reshen da aka aura a koma gidan jiya. Furen farko ma a tsinke, itacen ya yi ƙarfi tukuna. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba tabbas ya yi zaƙin uwarsa.

A nan ne zuciyata ta yi sanyi, domin mun san abin da ake yi a wasu wuraren. A ɗaure guntuwar leda a jikin mangwaron ƙwallo a ce mai aure ne. A tumɓuko dashe da safe a cusa a leda a sayar da rana. Ka tambayi irin, a faɗa maka duk sunan da aka ga kana so. Mai saye ba zai gane an cuce shi ba sai bayan shekaru yana ban ruwa, a lokacin wa zai kama?

Sauran bayanin a taƙaice ya yi shi. Gwanda ba ta son kwanciyar ruwa, a yi mata tudu, a dasa 3 don a samu mace a ciki. Zogale a sare kansa idan ya kai ƙugu, ya yi rassa maimakon ya miƙe sama. Ruwan wanki mai omo kada ya je gindin dashe. Mai zuba siminti ya bar wa kowane itace fili aƙalla mita 1 kewaye da shi, a kuma karkata daɓen zuwa kwata. Har cewa ya yi a jira damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli, maimakon a dasa cikin zafin bazara, ko da hakan na nufin cinikin ranar ya wuce shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rabon dashe duk shekara da sunan yaƙi da hamada, a ɗauki hoto a watse, babu mai gaya wa jama'a ko faɗin rami, babu keji, babu mai komawa dubawa idan hunturu ya shigo. Awaki su cinye rabi, gara ta ƙarasa saura, baɗi a sake taro. Da a ce kowane wurin rabo akwai mutum ɗaya irin Baba, da unguwanninmu ba su zama haka fayau ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kasuwarku.

Wassalam,
Wani magidanci daga Kano