A yi wa talaka bayanin sabuwar dokar haraji da Hausa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan dokokin harajin nan guda 4 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Ni lauya ne kuma na karanta su, gaskiya akwai sauƙi a ciki, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu harajin kuɗin shiga a kansa, VAT ma, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kayan da mutum ya saya, an bar shi a kashi 7.5 cikin ɗari duk da an so a ƙara. Amma wa ya gaya wa talaka wannan?

Mai shayin da ke ƙofar ofishinmu a Kano ya ciro min rasit guda 3 daga gwangwanin da yake ajiye canji, duk na sati ɗaya, wannan ya ce na shara ne wancan ya ce na wurin zama, ɗayan ko hatimi babu, kuma kwatar gabansa a toshe take tun damina. Ya ce Barista in na ƙi biya su ɗauke min benci. Wallahi abin ya tsaya min a rai, mutumin nan bai san Abuja ba, waɗannan masu rasit ɗin su ne gwamnati a wajensa.

'Yan majalisarmu da suka yi ta hayaniya kan rabon VAT su dawo mazaɓu mana su yi bayani a rediyo, a liƙa jerin harajin da doka ta yarda da shi a kowace kasuwa, da Hausa har da ajami.

Naka,
wani lauya daga Kano