Maganin Kansar Ƙwaƙwalwa da Haske: A Faɗa wa Jama'a Yadda Abin Yake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi tsokaci kan labarin da ke yawo a WhatsApp, wai Turawa sun gano yadda ake kashe kansar ƙwaƙwalwa da haske kawai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, kuma dangin majiyyata suna tare ni da wannan magana cike da fata, don haka ba zan iya yin shiru ba.

Haske shi kaɗai ba ya kashe kansar ƙwaƙwalwa, sai an ba majiyyaci magani tukuna. Akwai wani mai suna 5-ALA da ake sha 'yan sa'o'i kafin a shiga tiyata. Ƙwayoyin ciwon sukan tara shi su mayar da shi wani sinadari wanda, in aka haska masa shuɗin haske, yake ƙyalli ja-ja, sai likita ya ga inda ƙarin ya tsaya da inda lafiyayyar ƙwaƙwalwa ta fara. A binciken da Walter Stummer ya jagoranta a Jamus, wanda aka wallafa a 2006, an cire duk abin da hoton MRI ke nunawa a kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin, a sauran kuwa kashi 36 ne kacal. In kuma jan haske aka haska bayan an yanke ƙarin, sinadarin yakan haɗu da iskar oksijin ya fitar da gubar da ke lalata ragowar ƙwayoyin. Japan ta amince da irin wannan aiki tun 2013, da wani magani mai suna talaporfin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne garkuwar jiki. Glioblastoma, wadda ta fi kowace kansar ƙwaƙwalwa muni, ta iya kwantar da sojojin jiki, shi ya sa maganin nivolumab da ya taimaki masu kansar fata bai ƙara wa masu ita kwana ba a gwajin da aka yi. Amma ƙwayar da haske ya fasa takan zubar da abin cikinta, garkuwar jiki ta farga, sojojinta da ake kira ƙwayoyin T su gane kamannin ciwon su bi sawun waɗanda wuƙa ba ta kai gare su ba. A 2022 masu bincike a Cibiyar Binciken Kansa ta Landan sun ga alamar haka, kuma wallahi na yi murna. Sai dai a jikin ɓeraye suka gani, abin da masu tura labarin ba sa faɗa.

Sannan hasken ba ya ratsa nama fiye da kimanin santimita guda. Dole a buɗe ƙoƙon kai, ko a zura siririn zaren haske har cikin ƙarin. Duk wanda ya ce zai ɗora maka jar fitila a goshi ya warkar da kai, kuɗinka yake so. Har yanzu, ko da an haɗa tiyata da gashin na'ura (radiotherapy) da maganin temozolomide, tsaka-tsakin abin da masu glioblastoma ke yi bayan an gano ciwon kusan wata 15 ne.

Roƙona, Edita, ka tura wakilinka wurin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwarmu su yi wa jama'a bayani da Hausa. Su kuma jaddada cewa ciwon kai mai tafe da aman safe, ko farfaɗiyar da ta fara wa babba rana tsaka, ko mutuwar ɓarin jiki a hankali, abu ne na zuwa asibiti a ɗauki hoton kai ba tare da jinkiri ba.

Daga wata ma'aikaciyar jinya,
Zariya