Koke Zuwa Ga Majalisar Garin Farmington Kan Tsohon Coci Da Kabarin Foone

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Garin Farmington da 'yan majalisa, Jihar Konetikat, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu Hausawa mazauna Hartford da kewaye, 'yan Najeriya da Nijar da Gana, mu ne muka haɗu muka rubuto muku. Galibinmu Musulmi ne, don haka wani zai ce ina ruwanmu da coci. To, da ruwanmu.

Farin cocin nan mai doguwar hasumiya da ke kan babban titinku ya girmi ƙasar Amurka kanta. Jama'arsa sun kafu a 1652, ginin da ke tsaye yanzu kuwa Judah Woodruff ne ya jagoranci aikinsa a 1771, lokacin Sarkin Ingila na mulkin wannan ƙasa. Cocin na 'yan ɗarikar Kongirigeshonal ne, su kuwa ba su da bishof a kansu. Jama'ar kowane coci su ke zaɓen fastonsu, su ke sallamarsa in ta kama. A wancan zamani ɗakin ibada a garuruwan wannan yanki shi ne zauren shawarar gari, kuma har 1818 doka ta ɗora wa mutanen Konetikat harajin riƙe coci. Tarihin wannan gini ke nan na gari ne gaba ɗaya, shi ya sa muka kawo kukanmu gare ku.

A 1839 'yan Afirka 53, yawancinsu Mende daga ƙasar Saliyo ta yau, suna cikin jirgin ruwan Amistad da ya ɗauko su a matsayin bayi daga Havana ta ƙasar Kuba. Sengbe Pieh ya ja gaba suka ƙwace jirgin. Aka kama su, aka tsare a New Haven, shari'a ta yi ta ja har Kotun Ƙoli ta sake su ranar 9 ga Maris, 1841, bayan tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya tsaya musu. An sake su, amma ba kuɗin jirgi. Garinku ne ya sauke su daga Maris zuwa Nuwamba. Austin Williams ya gina wa mazan masauki, suka yi karatu a saman kantin Samuel Deming, suka yi noma, ran Lahadi su zo wannan coci. Yarinya Margru ta zauna a gidan Fasto Noah Porter. Wannan halacci ne, ba za mu rage shi ba. Sai dai kuma a lokacin bauta ba ta ƙare a Konetikat ba, sai 1848, kuma muna ganin bai kamata a faɗi ɗaya a bar ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne batun harshe. Da aka tsare mutanen nan, babu mai jin maganarsu. Wani malamin jami'ar Yale, Josiah Gibbs, ya koyi ƙirga ɗaya zuwa goma da Mende, ya tafi tashar jiragen ruwan New York yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai talla, har ya dace da James Covey, wani matuƙi da ya ji harshen gida ya amsa. Sai da aka sami tafinta kotu ta ji cewa sato su aka yi daga Afirka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban likita ko jami'i a ƙasar nan bakinsa ya ƙi buɗuwa ya san nauyin wannan.

Mun kai ziyara maƙabartar Riverside da yaranmu, inda aka binne Foone, ɗaya daga cikinsu, wanda ya nutse a ruwa a Agustan 1841, wata uku kafin 'yan uwansa 35 su kama hanyar gida. Wata dattijuwa a cikinmu ta tsaya gaban dutsen kabarin, ta ce da jikanta, "Kai, karanta mini." Yaron ya karanta da Turanci tiryan-tiryan, amma da ta ce ya faɗa mata da Hausa sai ya sunkuyar da kai. Ta shafa dutsen ta ce, "Allah sarki, ɗan mutane." Laifin namu ne iyaye, ba na kowa ba. Amma a nan wannan koke ya samo asali.

Roƙonmu na farko, majalisa ta taimaka a samar da takardar bayani ga baƙi kan cocin da kabarin da sauran wuraren, cikin Mende tukuna, don su ne masu abin, sannan Hausa da Faransanci. Ba mu cewa mutanen Amistad Hausawa ne. Yankinmu ɗaya, shi ke nan. Fassarar Hausa mu za mu yi kyauta, ta Mende kuma za mu nemo maƙwabtanmu 'yan Saliyo. A rubuta sunayensu na gida, Sengbe da Kale da Margru da Teme da sauransu.

Na biyu, ku haɗa mu da dattawan cocin da masu kula da maƙabartar, domin mu riƙa kawo ziyara kowane Agusta bisa ƙa'idarsu, a kuma nuna mana inda za mu ajiye motoci don kada mu takura wa masu unguwa. In da hali, a gayyaci makarantun da yaranmu ke zuwa.

A shirye muke mu turo wakilai uku duk ranar da kuka sa mana. Sunayenmu da sa hannunmu na haɗe da wannan takarda.

Naku cikin girmamawa,
Hausawa mazauna Hartford da kewaye