Barka da Sallah daga Tokyo, Yaya

Assalamu alaikum Yaya, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ya jikin Umma, ya yara? Nan kam ba hutu, mun yi idi a Tokyo Camii masallacin Turkawa sai kowa ya kama jirgin ƙasa ya wuce aiki, ba rago ba suya, ɗan naman halal da na siyo a Shin-Okubo shi na dafa da daddare.

Kin tambaye ni littattafan zanen nan da kika hango a hoton shagon da nake aiki a Ikebukuro, masu maza biyu a bango, wai su waye ke siyansu. To kala biyu ne Yaya, kuma masu siyan ba ɗaya ba ne.

Wanda kika gani BL ake ce masa, wato Boys' Love, labaran soyayya tsakanin samari, yawanci mata ke zanawa kuma mata ke siya. Tun shekarun 1970 ya taso cikin manga (littattafan zane na Japan) na 'yan mata a hannun su Hagio Moto da Takemiya Keiko, mujallar June ta biyo baya a 1978, ga kuma 'yan mata masu buga nasu da kansu suna kaiwa kasuwar Comiket da aka fara a 1975. Samarin ciki sirara ne kyawawa, ɗaya na nema ɗaya na jan aji, labarin duk kishi ne da kewa da kuka. Ni wlh a ganina damuwarsu matan nan suke zanawa, sun cire mace daga labarin ne dan kar a ɗora mata maganar aure da ciki da uwar miji, su samu su yi zancen so yadda ransu ke so. In na ga cikar da suke yi a Otome Road, titin shagunan irin littattafan nan a Ikebukuro, sai in tuna yadda muke rububin hayar littattafan soyayya a Kano.

Ɗayan kuma gei komi, a ƙasashen waje ana ce masa bara saboda mujallar Barazoku ta 1971. Shi maza masu son maza ne ke zana wa junansu, mutanen ciki ƙarti ne masu gashi da tumbi, labaran sun fi gajarta kuma batsa ta fi yawa, wanda ya fi suna cikinsu Tagame Gengoroh. Kasuwarsa 'yar ƙarama ce, BL kuwa kanta guda yake cinyewa a manyan shaguna. A shekarun 1990 har cacar baki aka yi, wasu maza masu son maza suka ce BL ba rayuwarsu ba ce sam, an mai da su abin nishaɗin wasu kawai, kuma ni dai na ga suna da hujja.

Dan Allah tunda yaran sun fara sauke manga a waya ki dinga leƙawa, zane mai kyau da manyan idanu ba shi ke nuna na yara ne ba, duka biyun akwai na manya zalla a ciki. Shonen, wato manga na yara maza, irin na ƙwallo da faɗa zan aiko musu.

Na tura goron Sallah ta akawun ɗinki, ki raba musu, ki gaida Baba da su Gwaggo.

Ƙanwarki