Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Zamfara: Me Saniya Za Ta Ci a Bazara?

Mai girma Gwamna Dauda Lawal, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo, ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta raba manomi da gonarsa, ta raba makiyayi da garkensa.

Ni tsohon malamin dabbobi ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin rugage da ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, kuma maganar ciyawa ce ta sa na rubuto maka. Na san ciyawa ba ta da kwarjinin titi ko filin jirgin sama, ba a kuma tara jama'a a yanke mata ƙyalle. Amma ka zo mana da alkawarin ceto, ka lissafa noma cikin abubuwan da za ka farfaɗo da su, jihar kuma har gobe kirarinta shi ne noma abin alfaharinmu. Ina tuna maka cewa rabin noman Zamfara a kan ƙafa huɗu yake tafiya, kuma daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko wannan rabin yunwa yake kwana da ita.

Ranka ya daɗe, abin da ke faruwa a tumbin saniya sananne ne. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi su ne ke narka mata ciyawa, kuma suna buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai wajen kashi 7 cikin 100 kafin su yi aiki sosai. Busasshiyar ciyawar bazara da karan dawa da ya sha rana sukan faɗo ƙasa da haka ƙwarai, shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki amma haƙarƙarinta a waje, nono ya ɗauke, maraƙi ya kasa tashi. Mai ita ba zai zauna yana kallo ba. Zai kora ta inda ya hango ɗanyen ganye, ɗanyen ganyen bazara kuwa a fadamar wani yake ko a lambun wani. Ban ce yunwar shanu ce kaɗai ta haifar da ta'addancin da muke ciki ba, domin akwai zalunci, da cinye burtali da mashaya, da makaman da suka shigo. Sai dai duk wanda ya zauna sulhu tsakanin manomi da makiyayi ya san daga ina ƙarar farko take tasowa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ilimin magance wannan yana nan a hannu. Gamba, wadda muke yankewa mu saƙa zana, ita ce masu bincike suka ɗauki irinta daga Shika kusa da Zariya, suka gwada ta a Kudancin Amurka, har a 1980 ƙasashen Kolombiya da Barazil suka fitar da ita ga makiyayansu a matsayin ciyawar shukawa. Su sun auna ta, sun san lokacin da ya dace a yanke ta kafin ta yi kara, sun kafa kasuwar irinta. Mu da Allah ya ba mu ita kyauta, ina manomin Zamfara zai je yau ya sayi mudun irin gamba mai tabbacin tsiro? A shekarun 1980 an gwada rumbun ciyawa a kudancin Kaduna, wato fili kamar hekta 4 da ake killacewa a shuka sitailo, wani tsiro ɗan dangin wake, a ajiye shi sai rani a riƙa sako masu tatsa da masu ciki na 'yan sa'o'i a kullum. A cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya an fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa a lokaci guda. Bambaron shinkafar da ake cinna wa wuta bayan girbi, idan aka jiƙa kilo 100 nasa da ruwan da aka narka kilo 4 na takin yuriya, aka rufe shi ruf na mako uku, yakan zama abincin da ke riƙe saniya. Duk an rubuta waɗannan tun ina saurayi a bakin aiki.

Wurin yin aikin ma ba sai an nema ba. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika tana da tasha a nan Talata Mafara. Dam ɗin Bakolori, da aka gama a 1978, yana nan da ruwansa da magudanansa. Akwai jami'ar jiha a Mafara, akwai ta tarayya a Gusau. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta haɗa waɗannan a kan tambaya guda, ta sa kuɗi, ta kuma dawo ta tambayi sakamako. Gwamnatin da ta gabace ka ta fara aikin Ruga a Maradun a 2019, kuma abin da muka fi jin labarinsa shi ne gidaje, makaranta, asibiti da masallaci. Dukkansu abubuwa ne masu kyau, amma makiyayi yana zama ne inda saniyarsa ta ƙoshi, idan ba ta ƙoshi ba zai rufe ɗakin siminti ya bi ta. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Idan aka zo rabon ayyuka, jihar da ke riƙe da sakamakon gwaji a hannu ita za a fara saurara, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyin da ke jiran amsa na ƙasarmu ne, ba wanda zai amsa mana su daga waje. Lablab, wani wake da ake shukawa domin harawa, wane irinsa ne zai jure gajeriyar daminar Shinkafi da Zurmi, wanne ne ya fi dacewa da ƙasar Tsafe? A wane mako na kaka ya kamata a yanke kyasuwa a yi ingirici kafin amfaninta ya zube? Buhu nawa na 'ya'yan gawo zai maye gurbin dusar da tsadarta ta gagari talaka? Na taɓa tsayawa a kan shanu bakwai da suka mutu a yini ɗaya bayan sun faɗa wa tohon dawa da ya fito bayan fari. Mai su, dattijo ne, ya rantse sammu aka yi masa, har ya ambaci wanda yake zargi a ƙauyen da ke kusa. Gubar sayanayid ce da ɗanyen tohon dawa ke tarawa, amma ba ni da abin awon da zan nuna masa, sai bakina kawai. Na bar wurin ina tsoron abin da zai biyo baya, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Wannan ya kawo ni ga ɗakin gwaji. Na ji masu cewa jiha mai fama da tsaro ba ta da lokacin ilimin fiziks, balle reshensa na kwantam mai nazarin halin haske da ƙwayoyin zarra, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa shekarar 2025. Zamfara ce bai kamata ta faɗi haka ba. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, 'yar na'urar da baƙi suka riƙa ɗorawa a kan ƙasar tsakar gida tana faɗin yawan dalmar da ke ciki da wannan ilimin take aiki: kowane sinadari yana karɓar haske yana fitar da shi a kan wasu matakai ƙayyadaddu nasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa. Da wannan ƙa'idar ce wata na'urar ke haska garin busasshiyar ciyawa ta faɗi furotin ɗinta cikin minti kaɗan. Ina roƙon a sayi irin waɗannan, a kuma horar da 'ya'yanmu masu karatun fiziks da kimiyyar sinadarai su riƙe su, su gyara su idan sun lalace.

Cikin ɗan Adam ma yana jiran irin wannan kulawa, tunda ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lafiya kamar yadda ka yi a kan ilimi. Kowane gida akwai mai kukan olsa, yana shan farin ruwan magani shekara da shekaru. Tun 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma ana gano ta da gwajin numfashi ko na bayan gida, a kashe ta da maganin mako biyu. Ya dace manyan asibitocinmu su samu wannan gwajin da na'urar leƙa ciki, amma likitoci sun fi ni sanin yadda za su roƙe ka.

Ni dai a kan ciyawa na tsaya. Ranka ya daɗe, ka ware fili a ƙarƙashin ruwan Bakolori domin noman irin gamba, lablab da sitailo. Ka sa layi mai suna binciken abincin dabbobi a kasafin kuɗi mai zuwa, a kuma saki kuɗin kafin watan Mayu, domin iri ba ya jiran takarda ta gama yawo a ofis. Ka sa a zauna da arɗo-arɗo da sarakunan noma tun ranar farko, gwajin ya kasance a gonakinsu da garkunansu inda tsaro ya ba da hali, sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci. Mu tsofaffin malaman dabbobi da muka rage muna nan, mun san rugagen, mun san waɗanda za su yarda su fara gwadawa, kuma idan aka kira mu za mu zo.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Talata Mafara.