Sanarwa: wasan da za mu ɗauka a gaba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Labarin da muka daɗe muna bugawa a wasanmu na tebur, wanda kowa yake taka rawar wani mutum a cikin labari, wato Dungeons & Dragons ya kammala, sannunmu da ƙoƙari. Kafin mu buɗe sabo, ina da shawara.

A matsayina na mai jan wasa, wato mai jagorantar labarin, na lura faɗa ne yake cinye mana zama. Tsarin ne ya gaji haka, domin tun fitowarsa a 1974 daga wasannin yaƙi ya samo tushe. Kowa sai ya jefa dayis mai fuska 20, ya yi lissafi, sauran kuma suna latsa waya suna jiran layi ya zo kansu. Kun san kanku.

Ina so mu gwada Call of Cthulhu, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1981. A nan kowace ƙwarewa maki ce cikin 100: idan kana da 60 a bincike, ka jefa dayis masu ba da lamba daga 1 zuwa 100, ka samu 60 ko ƙasa da haka, ka ci. Shi ke nan. Yawancin labaransa a Amurka ake yi, a shekarun 1920, kuma masu bincike za ku zama, ba jarumai ba. Wanda ya tsaya faɗa da dodo da wuya ya kai labari, mai yawan ganin abin tsoro kuma hankalinsa raguwa yake yi.

Za mu fara da zaman share fage ranar Asabar bayan la'asar, mu ƙirƙiri mutanen da za mu zama a labarin, kowa ya faɗi abin da ba ya so a saka a labarin. Wanda bai yarda da sauyin ba ya yi magana a nan kafin Juma'a.