Sallar da ba ƙaurin nama

Birmingham, Ingila
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Sau uku na kira wayarka bayan an sauko daga Idi, ba a ɗauka ba. Ban ji haushi ba, na san kana tsaye a kan mahauci kana faɗa kada ya huda fata. Ni kuwa yau ba abin da ke gabana sai zama, shi ya sa na ɗauko biro. A ba Auta ya karanta wa mutanen gida in an nutsu.

A cikin masallaci muka yi Idi, rukuni-rukuni, waɗannan su fita waɗancan su shiga. Sahun da na tsaya akwai ɗan Pakistan, akwai ɗan Somaliya, akwai Balaraben Yaman. Na gefena ya rungume ni har sau uku, ban san shi ba bai san ni ba. Kafin ka ce kwabo an watse, don yau ranar aiki ce a ƙasar nan. 'Yarka ma da kayan asibitinta a jaka ta zo, daga masallaci ta wuce. Na tsaya jiran bas cikin farar shaddata da hula zanna, sai wata tsohuwa ta tambaye ni wai ɗaurin aure za ni?

Yaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanta. Ka san tun zamanin Baba, ran Babbar Sallah ba na sa komai a bakina sai hantar layya. Hajiya, Allah ya jiƙanta, tun kafin mu dawo daga Ƙofar Mata ta hura garwashi. Ana fiɗa tana tsaye da kwano. Ta yanka ƙanana, ta naɗe kowane da ɗan kitse, ta barbaɗa yajin nan nata na ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari, ta aiko mana zaure a koren kwanon nan mai murfi wanda bakinsa ya ɗan lotse. Kai kullum ka ce gishiri ya yi yawa, kuma kai ne mai suɗe kwanon.

Nan doka ba ta yarda mutum ya yanka dabbar layya a gidansa ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Surukinka ya biya kuɗin layyarmu a shagon mahauci tun makon jiya, aka ba shi 'yar takarda mai lamba. Wai sai Lahadi ko Litinin za a je a karɓo, a yayyanke, cikin kwali, da sanyinsa. Ragon da ban ga idonsa ba, ban shafa bayansa ba, ban ma sani ba ko yana da ƙaho. Ba kai, ba ƙafa, ba fatar da za a kai masallaci. Malamai sun ce layya ta yi, ni ma ban musa ba. Amma haka na zauna da yunwa har azahar, kamar mai jiran a turo yaro da kwano, daga baya na haƙura na sha shayi da burodi. Na buɗe taga ko zan ji ƙaurin babbaka daga wani gida. Ƙamshin ciyawa kawai na ji.

Kada dai ku ɗauka wahala nake sha. Gwiwar ta yi sauƙi ƙwarai, har na zama manomi! Tsofaffin nan kowa da abin da yake kashe lokaci da shi: wasu yawo da kare, wasu gara ƙwallo a kan ciyawa sanye da fararen kaya, wasu kuma su karɓi hayar ɗan fili su yi lambu. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ya ba tamanin baya, shi ya yanka mini kunya biyu a nasa. Alayyafo ya yi kyau. Kuɓewa ta ce ba da ita ba, sanyi ya hana ta ɗagawa, 'yan ganyen da ta fitar kuma wasu dodon-koɗi marasa ƙoƙo suka lashe su cikin dare ɗaya. Mutumin nan masana'antar motoci ta Longbridge ya yi wa aiki har ta durƙushe a 2005. Da na ba shi labarin masaƙunmu na Bompai da Sharaɗa, sai ya ajiye shebur, muka zauna kamar tsofaffin abokai. Shi kaɗai yake kwana a gida mai ɗaki uku, daga shi sai karensa, 'ya'yansa sai Kirsimeti. Fansho na shigowa, bas kyauta, likita kyauta, amma yakan wuni ba wanda ya yi masa sallama. Na yi masa alkawarin soyayyen nama in namu ya iso.

Wani abin dariya, masu kwashe shara na garin nan suna yajin aiki tun watan Maris. Da idona na ga bola a ƙasar Turawa, baƙaƙen ledoji tsibi-tsibi a bakin titi, har da ɓeraye. Na ce ashe kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Labarin gida ba ya wuce ni. Da asuba nake kunna BBC Hausa a waya, ga ni a ƙasarsu amma sai ta intanet nake kama su. Na ji ambaliyar Mokwa, wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa sauran da alheri. Na kuma ji Nijar ta hana fitar da dabbobi, to nawa ka sayi ragon bana? Faɗa mini gaskiya, kada ka rage don in ji daɗi. Sannan an ce bana ma ba hawa. A Disambar 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su, mu kuma mun ɗaure dawakai a turke. Rigimar sarauta ba zan sa baki ba, yaran da za su tashi ba su ga Hawan Daushe ba su nake tausayi.

A gaishe da Goggo, gaisuwa ta musamman. A matsa kusa da kunnenta na dama a ce mata ɗan nata yana nan lafiya, yana cin abinci, bai auri Baturiya ba. Man zafin da na aiko a riƙa shafa mata da dare, kada ta ɓoye shi a ƙasan adaka kamar yadda ta yi da na bara. A gaishe da uwargida da amarya, Allah ya ba da ladan aiki. Takwarana a shafa mini kansa, an ce ya sauke izu biyar, goron Sallarsa yana wajen Auta, kuma nasa ne shi kaɗai. Liman da mutanen dakalin la'asar duka ina gaishe su, a ce wa mai shayi kada ya bari kowa ya gaje mini gefen bencina. Kawu ma a gaishe shi.

Jikokinka suna cewa barka da Sallah, da Hausarsu mai kama da ta mai mura. Yanzu ƙarfe tara ta wuce, agogonmu ɗaya da naku a wannan watan, amma ku kun yi isha'i, mu ko magariba ba a kira ba.

In mai zuwa ya samu, a aiko mini da yaji. Kilishi kada ku wahalar da kanku, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Gobe kuma in an ɗora suya, Auta ya ajiye waya kusa da kasko ya naɗo mini a WhatsApp. Ba sai kowa ya yi magana ba, a bar ta kawai ta ɗauki tsakar gida.

Naka ƙane.